Huɗu ga Wadda Ka Fi So

A shekarata ta biyu ta koyar da kimiyya, a kolejin wani gari da ke gefen Urafan, na ƙulla gaba da akwati. Akwatin ƙarfe ne shuɗi, yana zaune a kusurwar biron direktanmu, wato ofishin shugaban makaranta, da ƙaton kwaɗo irin na shagon hatsi. A kan murfinsa an manna wata takarda da ta yi ja don tsufa, an jera abin da ke ciki: mikiroskop biyu, wato madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani, da ma'aunin zafi, da kwalaben gwaji, da maganaɗisu. Wasu masu taimako ne suka kawo shi tun kafin a turo ni garin, kuma tun ranar da aka sauke shi daga mota ba mahaluƙin da ya ga cikinsa. A kansa direkta ke ajiye butar shayi da darduma. In baƙi sun yi yawa sai ya zama kujera, don haka iyayen yara da dama sun zauna a kan kimiyya ba su sani ba.

Ni kuwa ina can aji ina zana mikiroskop da alli, ina cewa yara su kwafa, alhali na gaske yana nan taku ashirin daga inda nake tsaye. Abin yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Direkta, wanda muke kira Mushe, wato malam a Faransanci, dattijo ne, malamin tarihi, saura shekara guda ya ajiye aiki. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba, shi ya samo mana gidan da muka zauna ranar da muka sauka garin. Amma mabuɗin akwatin yana ɗaure da zare a aljihun rigarsa tare da goro, kuma goron ya fi shi saurin fitowa.

"Mushe direkta, don girman Allah a ara mini akwatin nan, ko na awa guda."

Sai ya kurɓi shayi ya dube ni ta saman tabarau. "Madam, kin san ɗiyan ga kuwa? Hadda sunka sani, hadda suke so. Rubuta musu darasi bisa tablo, su kwahe, su hardace, su ci jarabawa. Ki ba su madubi su hwasa, wa za a tambaya? Ni."

Sau nawa muka yi haka, ban ƙirga ba. Har ta kai in na yi sallama a ƙofar biro, sai ya dafe aljihu kafin ya amsa.

A hutun ƙarshen zangon farko aka kira mu malaman kimiyya horo na kwana uku a Tasawa. Kwana biyun farko na yi su ina kokawa da gyangyaɗi. A na uku wata mai horarwa, ƴar siririya mai ƙarar murya, ta zo da abin da ya wartsakar da ni. Ta ce yara ba iri ɗaya suke son kimiyya ba, kuma ana iya auna yadda kowa ya fi son a ba shi ita. Akwai mai son a faɗa masa sunan abu ya riƙe, shi ne mai hadda. Akwai mai neman dalilin da ya sa abin ke faruwa, mai ƙa'ida ke nan. Wani ba ya zama lafiya sai ya ce, to in aka sauya kaza fa, me zai faru? Wannan mai tambaya ne. Na ƙarshe shi dai a nuna masa inda abin zai yi masa amfani, a gida ko a gona. Ta ce awon ba jarrabawa ba ne. Kowace tambaya jimla huɗu ce a kan abu guda, kuma dukansu gaskiya ne, babu ta kuskure. Yaro zai ba wadda ta fi burge shi maki huɗu, mai bi mata uku, har a zo kan wadda ba ta dame shi ba, ita ta samu ɗaya. Sai a tara makin a ga inda zuciyarsa ta karkata.

Ta gwada a kanmu. Na fito mai tambaya, da tazara mai yawa. Tun daga bakin ƙofar zauren na kira maigidana ina ba shi labari, ya ce shi bai buƙaci takarda ba kafin ya san haka, shekara huɗu ke nan yana amsawa.

Ranar da aka koma makaranta ko jaka ban ajiye ba na faɗa biro. Na zayyana wa direkta komai, ina haɗiye rabin kalmomi don ɗoki. Na ce zan auna ƴan ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita, ya gani da idonsa cewa ba hadda suke so ba, dole ce aka yi musu.

Ya juya kofin shayi. "To, mu yi magana guda. In takardarki ta ce ba hadda suke so ba, mabuɗi naki ne. In ta ce hadda, ki bar ni in sha shayina lahiya har in tahi. Ba ki ƙara ce mini akwati."

"Na yarda."

"Kin ji dai abin da kinka ce?"

"Na ji, Mushe direkta. Hwara kwance zaren."

Sati biyu na yi ina haɗa tambayoyi ashirin da Faransanci, kuma duk daga abin da yaran ke gani kullum na ɗebo su: rijiya, rumbu, toka, wake da gero a gona ɗaya, batirin tocila. Wadda na fi alfahari da ita ta randa ce. Jimlar hadda ta faɗi sunan da ake kiran juyewar ruwa zuwa tururi. Ta ƙa'ida ta ce ruwan da ya tsattsafo ta jikin randa ya bi iska yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi. Ta amfani ta ce in aka sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir zai kwana biyu bai lalace ba. Ta tambaya kuwa, wadda na rubuta ina murmushi ni kaɗai, cewa ta yi: da za a shafe randa da fenti, anya za ta ci gaba da sanyaya ruwa? Na kai takardun Tasawa aka buga, na dawo a bayan ɗan kabu-kabu na rungume su a ƙirji. Shi yana fama da yashi, ni ina addu'a in za mu faɗi kada mu faɗi a kansu. Ƙafata kuwa ko a raina ba ta zo ba.

Sai na sa awon ranar kasuwar Urafan, don rashin haƙuri. Hanyar kasuwa ta bayan ajinmu ta bi. Amalanke na wucewa, jakai na kuka, wani yana jan akuya tana kururuwa kamar ta san inda za a kai ta. Cikin wannan hayaniya na karanta umarnin da ke saman takarda, sau ɗaya, da Faransanci, da sauri: huɗu ga wadda ka fi so, ɗaya ga wadda ba ka so. Na ce an gane? Aji duka ya ce, "Wi, Madam!" Su kuwa ko cewa na yi gobe duniya za ta tashi, an gane, haka za su amsa. Na san wannan sarai, amma ranar zumuɗi ya toshe mini kunne.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedin tsakar gida na hau tara maki. Takarda ta farko, hadda ce a ƙasa. Ta biyu, a ƙasa. Ta goma, a ƙasa. Kafin in kai rabi na miƙe tsaye, sauran a tsaye na gama su. Hadda ta zo can ƙarshe, ko kusa ba ta yi ba, tambaya da amfani suna sama abinsu. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai. Maƙwabciyata ta leƙo ta saman katanga ta ce wa ya haihu? Na ce kimiyya.

Daga nan kaina ya fasu. Na aika wa wata abokiyar aikina a Mayahi saƙon murya na minti bakwai. Na aika wa wani malami a Kona, na aika wa wani a garin Sarkin Hausa wanda ko gaisuwar kirki ba mu yi ba a wurin horo. Na ce su zo su ga yaran da ake raina wa wayo ana ce musu ƴan ƙauye. Na fara tunanin littafin da zan rubuta a kan abin, har na zaɓi launin bangonsa. Na samo kwalin sabulu na zana sanduna huɗu da alli mai launi, ta hadda ƴar gajeriya kamar turmi a tsakanin taɓare. Maigidana ya ce in zo in ci abinci, na ce masu bincike ba sa cin tuwo da wuri.

Washegari Juma'a, da sassafe na shiga biro da kwalina a gaba, baki har kunne. Direkta ya dubi sandunan. Ya ce in ba shi takardun yaran su kansu. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga biyu, ya zaro ta yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin ya daɗe a kanta. Na ga leɓensa na motsi a wurin tambayar randa, ya karanta ya sake karantawa. Sannan ya ce, "Litinin, in Allah ya kai mu." Na fito ina tausayinsa. Na ce a raina an kayar da tsoho, a bar shi ya yi kwana biyu yana ban kwana da mabuɗinsa.

Yarinyar nan kuwa bari in faɗi ko wace ce. Daga wani ƙauye take zuwa a ƙafa, kuma tun da ta shiga kolej ba wanda ya taɓa ƙwace mata ta ɗaya. Abin da aka zuba a kanta shi za a tarar, ba ragi ba ƙari. In ta tashi kawo darasi har da "duba hoto na uku" take kawowa, don haka yake a littafi. To ita ce takardarta ta nuna ta fi kowa ƙin hadda: ɗaya, ɗaya, ɗaya, tun daga sama har ƙasa. Wannan ya fi komai sa ni rawar kai. Ashe baiwar Allah tana hadda ne tana kuka a zuci!

A darasin ƙarshe kafin a tashi don sallar Juma'a na kira ta gaban aji. Na ce a tafa mata, aka tafa. Na yi jawabi, na ce ga wadda kowa ke ɗauka ƴar hadda ce, alhali ba abin da ta tsana kamarta, don duk jimlar hadda ɗaya ta ba ta.

Ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Madam, ai ta ɗaya na ba ta."

"Shi na ce. Ɗaya."

"I, Madam. Ita ta zo ta ɗaya. Ita na hi so."

Sai a lokacin na gane. Yaran nan tun suna ajin farko na firamare, duk ƙarshen zango ake tara su a fili a kira na ɗaya a tafa masa, a kira na ƙarshe a yi masa dariya. Ɗaya ita ce lambar girma. Huɗu kuwa, huɗu bisa ashirin, maki ne da ake ɓoye wa uba. Wane yaro ne mai hankali zai ɗauki abin da yake so ya ba shi huɗu? Ni kaina haka aka rene ni, kuma da ba a zauren horo na ji ba, da haka zan yi.

Na ce duk wanda ya ba wadda ya fi so ɗaya ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Shida kawai ba su ɗaga ba, a cikinsu ma biyu ba su tuna abin da suka yi ba. Wato sandunana a kife suke, gajeriyar nan ita ce doguwa.

"Amma don mi?" na ce. "Ta randa da henti ba ta burge ku ba?"

Yarinyar ta ce, "Ta yi daɗi, Madam. Har gardama munka yi bisa hanya. Amma ba ta hitowa ga jarabawa."

Wani daga baya ya ce shi ta tukunya cikin tukunya ya ɗauka tarko ne na ɗana musu, don kakarsa na yi, kuma kakarsa ba ta yi lakwal ba, ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba, yaya za a ce kimiyya ce? Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, don in ban yi dariya ba kuka zan yi a gaban yara arba'in.

Asabar da Lahadi shaiɗan bai bar ni na huta ba. Direkta bai sani ba. Umarni yana nan a rubuce a saman takarda, lissafina daidai ne, ni ban yi ƙarya ba. In na yi shiru, Litinin mabuɗi yana hannuna, yara su ga ƙwayoyin fatar albasa da idonsu, wa aka cuta? In na faɗa, da bakina na yi alkawari ba zan ƙara cewa akwati ba, kuma ƴan wannan ajin za su fita ba su taɓa leƙa madubin ba. Abokiyata ta Mayahi ta aiko tana taya ni murna, tana roƙon in turo mata tambayoyin. Saƙonta na biyu ban buɗe shi ba. Maigidana ya ga na zauna cin tuwo da wuri, ya gane akwai magana, bai tambaya ba. Abin da ya kayar da ni shi ne, ni ce mai tsayawa gaban allo ina ce musu a kimiyya abin da ka gani shi za ka rubuta, ko bai yi maka daɗi ba. Na faɗa ya fi sau hamsin. Har sun hardace.

Litinin bayan an ɗaga tuta na shiga biro, ba kwali, ba murmushi.

"Mushe direkta, ka ci. Yaran sun juya lambobin. Hadda sunka zaɓa."

Ya ajiye kofi. Kafaɗunsa suka fara rawa, sannan dariya ta ƙwace masa, har hularsa ta zame, har ya share hawaye da hannun riga.

"Madam, shekara talatin da ɗoriya ina kiran na ɗaya bisa hilin lakwal. Tun Juma'a da na ga takardar ɗiyar nan na gane. Ita ta ƙi hadda? Ita da ke hardace har da waƙahi? Jira nike in ga ko za ki hwaɗa."

"Da ban hwaɗa ba hwa?"

"Da na ba ki mabuɗi, tun da na yi alkawari. Amma da ba ki ƙara shan shayina ba."

Na ce to shi ke nan, magana ta ƙare, ba zai ƙara jin akwati a bakina ba. Na juya zan fita idona ya kawo ruwa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin lamba huɗu da wanda ya ƙirƙiro ta.

"Tsaya." Ya dubi ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Randar nan. In an shahe ta da henti. Tana sanyi ko ba ta yi?"

Na ce a ƙa'ida bai kamata ta yi ba.

"Ban tambaye ki ƙa'ida ba. Kin gwada?"

Ban taɓa gwadawa ba. Ni ɗin nan mai tambaya da tazara mai yawa.

"Kwana ukku abin ga shina cina," in ji shi. "Jiya har na ɗauko sauran hentin ƙohwa na nuhi randar gidana, uwargida ta ce in na taɓa ta sai dai in nemi wani gidan shan ruwa." Ya dubi jar takardar da ke kan murfin akwatin. "An ce akwai ma'aunin zahi ciki."

"Haka aka rubuta."

Ya sauke butar shayi, ya ɗauke darduma. Zaren ya ƙi kwancewa don daɗewa, sai da ya sa haƙori. Kwaɗon ma ya yi gardama, muka ɗiga masa man gyaɗa. Yana durƙushe yana murɗa mabuɗi, bai dube ni ba, ya ce shi ma ya zana mikiroskop yana yaro, ya ci sha takwas bisa ashirin, kuma har yau bai taɓa sa ido a cikinsa ba. Ya ce ba fasawar yara kaɗai yake tsoro ba. Tsoronsa a buɗe a tambaye shi yaya ake yi, ya rasa ta cewa.

Murfin ya ɗaga da ƙara. Komai yana nan a cikin ledarsa, sabo fil, ko ƙura bai yi ba. Ni da na shigo da shirin kuka sai ga ni ina tsalle a biron direkta, ina ɗaga wannan ina ajiye wancan, shi kuma yana bina yana cewa, "A hankali, Madam, a hankali, ke ce ma za ki hwara hwasawa."

A satin aka kawo randa biyu sababbi daga wurin mai ginin tukwane. Direkta da kansa ya shafe ɗaya da sauran fentin ƙofarsa, ya ɓata bakin hannun riga bai damu ba. Da ta bushe muka jera su a inuwar bedin makaranta, muka cika su da ruwan rijiya ɗaya tun da safe. Da rana ta take na fito da ajin duka. Direkta ya riƙe ma'aunin zafi kamar mai riƙe da ƙwai. Ya tsoma a randar da ba fenti, ya jira, ya karanta da ƙarfi. Ya tsoma a mai fenti. Jan zaren da ke ciki ya fara hawa, ya hau, ya ƙara hawa. Yara suka kaure da ihu, amma ihun direkta ya fi na kowa.

Sai na hango yarinyar nan can baya. Ta zauna a kan saiwar bedi, littafin rubutu a buɗe a gwiwarta, alƙalami a hannu, ko kallon randunan ba ta yi. Jira take a faɗa ta rubuta.

"Madam, wanga a rubuta shi? Shina hitowa?"

Na buɗe baki ke nan direkta ya riga ni.

"Ke, ruhe littahin nan ki zo ki gani."

Ta rufe. Ta taso a hankali, yara suka ba ta hanya. Ya sa mata ma'aunin a hannu, ya tara nasa tafin a ƙarƙashi ko da zai suɓuce. Ta tsoma nan, ta tsoma can, ta daɗe tana kallon jan zaren. Ta miƙa masa, ta zura hannu a wannan randa, ta zura a waccan. Sannan ta ɗago kai.

"To in rabi anka shahwa hwa?"

Shekara biyu ina koyar da ita, ban taɓa jin ta tambayi abin da ba ya cikin littafi ba. Direkta ya dube ni, na dube shi. Babu wanda ya sani a cikinmu.

Ya ce a nemo randa ta uku.